Wayarka Ba Likitan Kansa Ba Ce, Ni Mai Rubuta Manhaja Nake Faɗa Maka

A kowane gida akwai wanda ake miƙa wa waya idan ta rikice. A gidanmu ni ne. Ni ake kira idan WhatsApp ya ƙi buɗewa, ni ake kira idan an manta lambar sirri, kuma tun da aka ji ina rubuta manhaja sai aka ƙara mini girma, aka mayar da ni wanda ya san komai. Shi ya sa da gwaggona ta ji wani ƙullutu a mamanta, aka yi mata hoto a wani ɗakin gwaji na unguwa, takardar sakamakon ba ta fara isa hannun likita ba. Wajena ta fara zuwa. Ɗanta ya ɗauki hotonta ya turo mini, ya biyo da saƙon murya: "Yaya, kai da ka san kwamfuta, tambayar mana abin nan naku me takardar ke cewa."

Na tambaya. Manhajar ta ba ni amsa cikin Turanci mai santsi, ta ce yawancin ƙullutun da mata ke ji a mama ba kansa ba ne, ta jero wasu abubuwan da kan jawo shi, can ƙasa kuma ta ce a je a ga likita a yi ƙarin gwaji. Ba ƙarya ta yi ba. Ni ne na fassara wa dangi kashin farko da babbar murya, na faɗi na ƙarshen a gurguje kamar wanda ke karanta sharuɗɗan sauke manhaja. Kowa ya ji abin da yake son ji, aka yi hamdala. Wata huɗu suka wuce, a ciki har da wani jiƙo da aka sayo wurin wata mai talla a TikTok. Da aka je asibitin koyarwa daga baya, aka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito kansa ce. Tambayar farko da likitan ya yi mana ita ce, "Ina kuka tsaya duk wannan lokacin?" Babu wanda ya kalle ni, amma na san amsar.

Gwaggo tana karɓar magani yanzu, muna kuma sa rai da sauƙi daga Allah. Na kawo labarinta ne saboda abin da na ga yana yaɗuwa a tsakaninmu masu riƙe da manyan wayoyi: mun fara ɗaukar cewa ƙirƙirarriyar basira ta kamo ƙwararrun likitocin kansa, ko ma ta wuce su, kuma wai masu binciken da suka ƙare rayuwarsu a ɗakunan gwaji sun kusa zama tarihi. Ni sana'ata ke nan, ina son fasahar nan fiye da yadda yawancinku ke son ta, amma wannan tunanin kuskure ne, kuma kuskure ne da ake biya da rai.

An taɓa gwada wannan mafarkin da kuɗin da ni da ku ba za mu taɓa gani ba. A shekarar 2011 kwamfutar kamfanin IBM mai suna Watson ta doke zakarun gasar kacici-kacici ta Jeopardy! a talabijin ɗin Amurka. Duniya ta ɗauka. IBM ya ce aikin da ke gaban Watson yanzu shi ne ciwon daji. Ya haɗa kai da asibitin Memorial Sloan Kettering na New York a 2012, sannan da MD Anderson na jihar Texas a 2013, waɗanda duka biyun suna sahun gaba a asibitocin kansa na duniya. Tallar ta yi daɗin ji: kwamfuta za ta karance duk binciken da aka taɓa wallafawa, ta duba fayil ɗin maras lafiya, ta faɗi maganin da ya fi dacewa da shi.

A farkon 2017 rahoton masu binciken kuɗi na Jami'ar Texas ya fito, ya nuna MD Anderson ya kashe kusan dala miliyan 62 a kan aikin, kuma an jingine shi ba tare da an yi wa marasa lafiya aiki da shi yadda aka yi alkawari ba. Wani abin da ya ba ni dariya da takaici lokaci guda shi ne, asibitin ya sauya manhajar da yake adana bayanan marasa lafiya, Watson kuma ba ta iya magana da sabuwar. Duk wanda ya taɓa haɗa manhaja biyu da ba su san juna ba ya san wannan ciwon kan. A 2018 kuma jaridar lafiya ta STAT ta samu wasu takardun cikin gida na IBM da suka nuna cewa Watson ta sha ba da shawarwarin da ba daidai ba, wasu ma masu haɗari. A ɗaya daga cikin misalan gwaji, ta ba da shawarar a ba mai kansar huhu da ke zubar da jini sosai wani magani da aka san yana iya ƙara zubar jinin. Dalilin ya fito fili: ba da fayilolin dubban marasa lafiya na gaskiya aka koyar da ita ba, da 'yan misalan da likitoci ƙalilan suka tsara aka yi, don haka abin da take maimaitawa ra'ayin waɗannan likitocin ne na asibiti guda a New York. Da aka kai ta wasu ƙasashe, likitocinsu suka ga tana karkata ga tsarin Amurka da magungunan da ba lallai a same su a can ba. A 2022 IBM ya sayar da babban ɓangaren Watson Health ga wani kamfanin zuba jari, a kan kuɗin da bai kai abin da ya narka a ciki ba.

Za ku ce wannan tsohon zance ne, fasahar yau ta wuce nan. Ta wuce, gaskiya ne. Amma matsalar da ta kayar da Watson tana nan daram, domin ba ta ƙarfin kwamfuta ba ce. Manhaja tana koyon abin da aka nuna mata ne kawai, kuma ba ta san bambancin abin da ya kamata ta koya da abin da ya faɗo cikin hoto bisa tsautsayi ba.

Misalin da na fi so a nan shi ne na rula. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford suka koyar da wata manhaja gane kansar fata da hotuna kusan dubu 130, ta kuma yi kunnen doki da ƙwararrun likitocin fata a gwaji. Daga baya masu aikin suka lura da wani abu: likitoci sukan ajiye rula kusa da tabon da suke zargi don su auna girmansa kafin su ɗauki hoto, tabon da ba su damu da shi ba kuwa ba sa wahalar da kansu. Sai manhajar ta fara ɗaukar ganin rula a hoto a matsayin alamar kansa. A lissafinta ba ta yi laifi ba, ta gano alaƙa ta gaskiya a cikin hotunan da aka ba ta. Wanda zai iya kama irin wannan shirmen sai mutumin da ya san yadda ake aiki a ɗakin duba marasa lafiya. Ni da zan zauna shekara ina duba lambobin manhajar ba zan gano ba, domin kuskuren ba ya cikin abin da aka rubuta.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancin hotunan da ake koyar da irin waɗannan manhajojin na fatar Turawa ne. A jikin baƙar fata kuwa, mafi munin kansar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, inda mutum ba zai kawo komai a ransa ba. Irinta ce ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981, daga ƙarƙashin farcen ƙafarsa ta fara. To manhajar da ba ta taɓa ganin tafin ƙafar manomin Bichi ba, da wane ido za ta duba shi?

Wannan giɓin mutane ne ke cike shi, kuma aiki ne na shekaru. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta yi karatun likita a Jami'ar Ibadan kafin ta koma Jami'ar Chicago, inda ta zama ɗaya daga cikin fitattun masu binciken sankarar mama a duniya. Ita da abokan aikinta sun bi sawun ciwon a jikin matan Afirka ta Yamma, suka nuna cewa yakan kama su da ƙuruciya fiye da Turawa, kuma kaso mai yawa na irin wanda ba ya jin magungunan da ke toshe sinadarin jikin mace ne, irin su tamoxifen, alhali a tsakanin fararen matan Amurka mafi yawan ciwon yana jin su. Ma'anar wannan a aikace ita ce, mata biyu za su iya zuwa da ƙullutu iri ɗaya a ido, amma maganin da zai ceci ɗaya ba zai yi wa ɗayar komai ba sai ɓata lokaci da kuɗi. Ba a gane wanne ne wanne sai an yanki nama, an rina shi, wani likita ya zauna gaban madubin ɗakin gwaji ya duba. Wannan ilimin bai faɗo daga intanet ba. Sai da aka bi asibitoci ana tattara samfur, ana roƙon mata su yarda a ɗebi jininsu, kafin ya zama rubutun da manhaja za ta iya haɗiya ta maimaita mana.

Ita kanta ChatGPT an gwada ta a kan wannan. A 2023 masu bincike a asibitin Brigham and Women's da ke Boston suka yi mata tambayoyi kan maganin kansar mama, ta huhu da ta mafitsarar maza, suka auna amsoshinta da ƙa'idojin da likitocin kansa na Amurka ke bi, suka wallafa a mujallar JAMA Oncology. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin suna ɗauke da aƙalla shawara guda da ta saɓa wa ƙa'idar, wasu ma magani ne da babu shi a kowane tsari. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda kuskuren ke cakuɗe cikin amsa mai kyau, ta yadda ko likita sai ya nutsu kafin ya tsamo shi. An samu sababbin samfura tun daga lokacin, sun kuma fi na da, ban musa ba. Sai dai ginin bai canza ba: na'ura ce da ke hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Muryar da take faɗin gaskiya da ita, da ita take faɗin kuskure, babu rawar murya, babu "bari in duba". Kuma ba ta taɓa ƙullutun gwaggona da hannu ba, ba ta ga yadda fatar wurin ta fara canzawa ba, ba ta san cewa a gidanmu idan aka ji "yawanci ba komai ba ne" an rufe maganar ke nan ba.

Kada wani ya ɗauka ina kushe fasahar. Inda aka ɗora ta a kan aikin ƙwararru, ta yi abin mamaki. AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta warware matsalar hasashen siffar sinadaran furotin, abin da ya gagari masana shekaru hamsin, har Demis Hassabis da John Jumper suka samu rabon kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024. Amma da me aka koyar da ita? Da rumbun Protein Data Bank, wanda aka fara a 1971 da siffofi bakwai kacal, masana suka yi ta ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, wata siffar guda tana cin shekarun digirin digirgir na mutum. A Suwidin kuma an yi gwaji da mata kimanin dubu 80, inda manhaja ta taya likitoci duba hotunan mama. Sakamakon farko da ya fito a 2023 ya nuna an gano kansa fiye da yadda aka saba da kusan kashi 20 cikin ɗari, aikin karanta hotuna kuma ya ragu da kashi 44. Ku lura, likita ne dai ke yanke hukunci a kan kowane hoto, kuma likitoci ne suka tsara gwajin da ya tabbatar da amfanin manhajar. A 2016 Geoffrey Hinton, wanda ake kira ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin karanta hoto domin kwamfuta za ta wuce su cikin 'yan shekaru. Shekarun sun zo sun wuce, asibitocin duniya har yanzu neman waɗannan likitocin suke ido rufe. Idan mai kyautar Nobel zai yi wannan kuskuren a kan aikin da ba nasa ba, ina ga ni da na koyi rubuta manhaja a YouTube da datar dare?

Wannan ita ce cutarmu mu 'yan fasaha. Don mun iya abu ɗaya mai wuya, sai mu ɗauka sauran fannoni duk sauƙi ne da su, masu su ne kawai ba su waye ba. Steve Jobs, wanda ya ba duniya iPhone, an gano masa wata irin kansa a gaɓar cikin jiki da ke sarrafa sukari a 2003, irin wadda tiyata kan yi wa magani idan an yi da wuri. Ya ƙi yarda a yi masa aiki har kusan wata tara, yana gwada tsarin abinci da wasu hanyoyi. Marubucin tarihinsa Walter Isaacson ya ce daga baya ya yi nadamar jinkirin. Ya rasu a 2011. A Ostareliya kuma wata matashiya, Belle Gibson, ta tara mabiya a Instagram da labarin cewa ta warke daga kansar ƙwaƙwalwa ta hanyar abinci kawai. Ta fitar da manhaja mai suna The Whole Pantry da ta yi farin jini har Apple ya zaɓe ta cikin waɗanda za su fito a agogonsa. A 2015 ta amsa cewa ba ta taɓa yin kansa ba. Kotu ta ci ta tarar dalar Ostareliya dubu 410. Manhajar tana da kyan gani, tana da taurari a kantin manhajoji, kuma akwai masu ciwon gaske da suka yi koyi da ita.

Irinta suna nan cike da wayoyinmu da Hausa tsantsa. Kun san su: mai riƙe da kwalba yana rantsuwa cewa daji kowane iri ne kwana arba'in ya isa, yana kuma ƙarfafa tsohuwar maganar nan cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Wannan maganar ta samo ƙarfi ne daga abin da mutane ke gani da idonsu: ana kai maras lafiya asibiti bayan ciwo ya riga ya ci jiki, a yi aiki, ya rasu, sai a ce wuƙar ce. Jinkirin ne ya kashe shi, amma jinkiri ba ya barin tabon da za a nuna.

Yanzu ga ƙorafin da na san yana bakin mai karatu, kuma yana da gaskiya. Ina likitan yake? Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya ta nuna ana samun sababbin masu ciwon sama da dubu 120 a Najeriya duk shekara, kusan dubu 80 kuma suna rasuwa. Ƙwararrun da ke kula da su ba su da yawa, wasu suna ta ficewa ƙasashen waje, na'urorin gashin kansa 'yan ƙalilan ne a faɗin ƙasar, mutum zai taso daga ƙauye zuwa Zariya ko Sakkwato ko Abuja ya tarar da layi na makonni. Kuɗin magani kuwa sai an sayar da gona. Su ma likitocin mutane ne, suna kuskure, wani ma zai yi maka magana a tsaitsaye ka fito ba ka fahimci komai ba. Wanda yake cikin wannan halin idan ya juya ga wayarsa da ke amsa masa nan take, da ladabi, kyauta, ba zan zarge shi ba. Ni ma na yi.

Amma ƙarancin likita bai mayar da waya likita ba. Abin da wayar ta iya, ta iya shi sosai, kuma da shi nake amfani yanzu a jinyar gwaggo. Idan likita ya rubuta kalmar da ba mu gane ba, ina neman bayaninta in fassara mata. Kafin ranar asibiti mukan zauna mu rubuta tambayoyinmu, don minti goman da za a ba mu kada ya tafi a kame-kame. Duk takardar gwaji na ɗauki hotonta na adana wuri guda da kwanan wata, saboda fayil kan yi ɓatan dabo. Ƙararrawar waya ke tuna mata lokacin shan magani. Da waya aka tara gudummawar dangi. Duk wannan yana kai ta ga likita ne da shiri, kuma duk abin da manhaja ta faɗa mini da ya shafi a sha ko a bari, sai na maimaita shi gaban likita kafin ya isa kunnen gwaggo.

Ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja kuma, na ga da yawa suna mafarkin ƙera "likitan aljihu" da zai gano kansa daga hoto. Ku je asibitin koyarwa mafi kusa ku zauna yini guda a layi tukuna. Za ku ga matar da ta yi tafiyar awa biyar aka ce mata na'ura ta lalace, alhali saƙon tes guda zai hana ta tasowa. Za ku ga sakamakon gwaji da ya fito tun makonni uku babu wanda ya sanar da mai shi. Za ku ga ma'aikatan rajistar masu kansa, aikin da aka fara a Ibadan tun 1960, wanda shi ne tushen duk wata ƙididdiga da duk wata manhajar da za ta san jikinmu nan gaba, suna fama da takardu. Tun watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa kyauta, amma saƙonnin murya na masu cewa makirci ne sun fi bayanin likitoci gudu a WhatsApp. Bayani da Hausa, da murya, wanda likitan kansa ya saurara ya amince da shi kafin a sake shi, aiki ne da mutum biyu da kwamfuta ɗaya za su iya. Ba zai kai ka shafin farko na jaridun fasaha ba, kuma dole ka yarda likita ya goge maka rabin abin da ka rubuta.

Makon jiya ƙanin abokina ya turo mini hoton wata takardar gwaji ta mahaifinsu, da irin saƙon da na saba ji, in tambayar musu abin nan. Na karanta, na fassara masa kalmomin, sannan na kira shi na ce gobe da sassafe su kama hanyar asibiti, ni zan biya kuɗin mota. Ya ce, "Yaya, ai na ɗauka kwamfutar za ta faɗa mana ko akwai matsala." Na ce masa takardar da kanta ta ce a yanki nama a duba, kuma wannan ba a yin sa ta waya. Sun je ranar Talata, an ba su mako biyu su dawo karɓar sakamako.